Tayoyin da Kawu Ya Rataye

A ƙauyenmu da ke kusa da Kamlin, samari kan yi tseren keke idan an gama girbin alkama. Hanyar takan bi gefen tur'a, wato babbar magudanar ruwan noma, sannan ta ratsa gonakin da suka bushe. Ƙasar yankinmu na Jazira da rani ba ta da mutunci. Tsagewa take yi har mutum ya zura hannu, ga ƙayar bagaruwa ko'ina.

Shekarar da na samu keke mai giya, ni unguwarmu ta tsayar. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ne mai gyaran keken ƙauyen, kowa rumfarsa yake kai nasa. Ya saka mini tayoyi masu kauri, masu haƙora, ya yanka tsohon tiyub ya shimfiɗa a cikinsu saboda ƙaya. Na hau na ji nauyi, sai raina ya ɓaci. Lokacin kaina hayaƙi yake yi, gani nake babu wanda ya kai ni sanin keke.

Ana jibi tsere na shiga kasuwar Wad Madani, na ga wasu tayoyi sirara masu sulɓi. Na saya, na dawo na ɗaura su da kaina a bayan gida, na mayar wa Kawu nasa. Ya matsa sabuwar tayar da babban yatsa, ya dube ni.

"Wagga taya ta kwalta ta, ɗana. Ƙasarmu haɗiye ta za ta yi."

"Kawu, zamani ya canza. Halas, magana ta ƙare," na ce, har da 'yar dariya.

A gefen tur'a babu wanda ya kamo ni, ina jin iska a kunnena ina yabon kaina. Muna shiga gonaki tayar gaba ta nutse cikin wata tsaga, keken ya watsar da ni. Kafin in tashi ta baya ma ta sace, ƙaya biyu a jikinta. Haka na turo keken zuwa inda ake jiranmu, gwiwa na jini, kowa ya riga ya iso.

Aka yi caa a kaina ana tambaya. Kunya ta rufe ni, sai na ji bakina ya ce, "Kawu ne bai ɗaura tayar daidai ba."

Ashe yana tsaye a bayana, tayoyin nan masu kauri a kafaɗarsa, famfo a hannu. Ya biyo ni da su ne ko zan buƙata. Ya dubi mutane, ya ce, "Laihina na. Tsuhwa ta zo."

Daga ranar samari suka fara kai kekunansu Kamlin. Rumfar Kawu ta yi shiru, ya koma facin tayar amalanke. Ya rataye tayoyin nan masu kauri a ƙusa, bai taɓa tayar mini da maganar ba. Sau nawa ina zuwa da niyyar in faɗa wa jama'a gaskiya, in sha shayinsa in tashi.

Bayan rasuwarsa muna kwashe kayan rumfar, na sauko da tayoyin, shimfiɗar tiyub ɗin tana nan a ciki yadda ya sa ta. Wani maƙwabcinmu ya girgiza kai ya ce, "Allah ya jiƙan shi. Gwani na, amma tun tseren nan hannunshi ya lalace."

Na buɗe baki, na ce, "Amin."