Mutumin Da Ya Sa Kaki Magana

Duk wanda ya saba bi ta layin masu gyara a kasuwar Gusau da sassafe ya san Malam Sama'ila mai gyaran garmaho. Daga masallaci yake wucewa rumfarsa, tun masu koko ba su gama sauke tukwane ba. Ba ya taɓa aikin kowa sai ya ɗebo ruwa ya yayyafa wa yashin da ya kewaye wata randa a ƙuryar rumfar, ya ɗora bayan hannu a jikinta ya ji sanyinta, sannan ya saki asabari ya zauna. Ni tela ne, rumfata tana jingine da tasa, na daɗe ina kallon wannan hidima. A ƙarshen daminar bana ta 1958 zai rufe rumfar ya koma gida Bunguɗu, don ido ya fara yi masa gardama. Na ce ba zai tafi haka nan ba, sai na faɗa wa jama'a abin da na gani.

Randar nan ita ta jawo masa magana, domin ba ruwa a cikinta. Wasu abubuwa ne a jere a ciki kamar gwangwani marar gindi, amma na kaki irin na kyandir, an zagaye jikinsu da zane siriri kamar zare. Wani Bature mai sayen auduga ne ya ɗauki muryoyin mutane a kansu tun kafin jirgin ƙasa ya iso garin nan. Da zai tafi ya kwashe injinsa, ya bar su cikin akwati. Ranar da ake share siton kamfaninsa aka watso akwatin bola, Sama'ila ya tsince shi. Ya taɓa jin labarinsu a bakin wani tsohon makanikin jirgi, ya san su ne iyayen faifan garmaho. Sai dai injin da zai sa su magana babu shi, ko a Kano ba a san inda za a samu ba.

Sai ya ce shi zai ƙera. Ya karɓi mataccen keken ɗinkina, ya cire masa kai ya bar abin takawa. Masassaƙi ya fafe masa itacen da gwangwanin zai zauna a kai ya riƙa juyawa. Allurar garmaho ƙarfe ce, da ya gwada ta sai ta kankare gwangwani guda kamar ana fere rogo. Ranar bai ci abinci ba. Daga baya ya samo ɗan mitsitsin dutsen wuya na gilashi, ya yi ta goga shi har ya yi sumul, ya kafa shi a madadin allura, ya ja waya zuwa rediyo mai batir. Ko da hakan, duk juyawa ɗaya tana cin kakin kaɗan, rana kuwa narkar da shi take yi. Shi ya sa yake ɓoye su cikin sanyi, ba ya kunna su sai da sanyin safiya.

To, je ka yi wa kasuwa wannan bayani. Abin da kasuwa ta sani shi ne, mutum ɗaya ke shiga rumfa ya saki asabari, sai a ji muryar wani dabam. Wani tsohon ɗan dako ya rantse ya ji muryar wani mahauci da aka binne tun shekarar da fara ta cinye gonaki. Shi ke nan, aka ce Sama'ila matattu yake kira, randar nan kuma gidansu ce. Masu garmaho suka zo suka kwashe kayansu ba a gama gyara ba. Mai kawo masa fura ta koma ajiye ƙwarya daga nesa. Har ni, aka fara tambayata ko ɗinkina ba ya warin kabari. Abin ya yi mini ciwo, don waɗansu daga cikin masu yaɗa maganar nan a tabarmarsa suke shan inuwa.

Ƙarshe sarkin kasuwa ya zo da kansa. Ya ce, “Malam Sama'ila, mutane sun ƙi kwantawa. Ko ka gwada muna abin ga a fili, ko a fasa randar ga ka tashi daga kasuwa.”

Sama'ila bai yi musu ba. A ɗaya daga cikin gwangwanayen akwai mai cewa shi ne Manu, daga wata ruga kusa da Bilbis ta ƙasar Tsafe. Sama'ila ya aika Tsafe a bincika. Aka ce Manu ya daɗe da rasuwa, amma matarsa Inna Rakiya tana nan da ranta. Ɗanta ya ɗauko ta a motar auduga, ba don tana so ba.

Da safe aka fito da injin bakin rumfa, kasuwa ta yi cincirindo. Inna Rakiya ta ƙi tabarmar da aka shimfiɗa mata, ta tsaya dogare da sandarta. Ta leƙa ƙarƙashin injin, ta leƙa bayan rumfa ko an ɓoye mutum. Sama'ila ya yi bisimilla ya fara takawa. Aka ji shuu kamar ruwan sama a kan kwano, sai wata 'yar siririyar murya tana sauri.

“Wanga ba Manu na ba,” in ji tsohuwar. “Manu bai taɓa magana awa ɗiya ba. Ƙarya kaka yi, yaro.”

Kasuwa ta ɗauki guna-guni. Na ga wani ya sunkuya yana laluben dutse.

Sama'ila bai ɗaga ƙafa ba. Ya ce, “Inna, kin yi gaskiya. Ni ban san shi ba, ban kuma san saurin da Baturen ya juya nashi injin ba. In na taka da sauri murya ta sirance, in na sassauta ta yi kauri. Ke ɗai kika san inda ta dace. Zan riƙa sassautawa, inda kika ji shi ki tsai da ni.”

Ta yi masa kallon ban yarda ba, amma ta matso. Ya fara rage ƙafa. Muryar ta tashi daga ta yarinya ta koma ta saurayi, tana ta sauka.

“Ƙara,” ta ce. Ya ƙara. “Ka wuce. Koma kaɗan. Tsaya nan.”

Sai ga muryar magidanci, yana gyaran murya, yana kiran shanunsa ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Tsohuwar ta saki sandar ta zauna a ƙasa, bakinta yana riga shi faɗin sunan kowace saniya. Can sai aka ji wata mace daga bayansa ta tuntsire da dariya, tana cewa ya daina yi wa ƙahon injin Bature ihu, ba saniya ba ce.

Sarkin kasuwa ya ce, “Ita kuma wagga wace matacciya ta?”

Inna Rakiya ta share ido da bakin zane. “Ni ta. Ranar na raka shi da nono.” Ta juya ta dubi jama'a. “In matattu shika kira, ni mi nika yi ciki?”

Mai dutsen nan ya sake shi a hankali, yana duban wani wuri kamar ba shi ba.

Malam Sama'ila, kai ne aka kira matsafi ba ka rama ba. Kai ne aka ƙaryata a bainar jama'a, maimakon ka kare kanka sai ka miƙa hukunci ga kunnen tsohuwa. Sha zargi ƙi ramuwa, dogon haƙuri na Bunguɗu. Yau masu cewa a fasa randa su ne ke cewa dama sun san kai mai basira ne. Ina jin su, ina taka kekena, amma ban manta fuska ko ɗaya ba.

Mun gode, Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara wa ido haske. Masu sana'ar hannu ku yi koyi da shi, abin da kuka tsinta ba ku gane ba kada ku fara da fasawa. Ku kuma jama'ar Gusau da Tsafe da Wanke da 'Yankuzo, akwai sauran gwangwanaye da har yau ba a samu danginsu ba. Duk wanda nasa ya taɓa kai auduga ko nono sito a wancan zamani, ya ɗauki tsohuwar gidansu ya nufi Bunguɗu tun tana ji. Sama'ila zai taka muku, amma shi kaɗai ba zai san inda zai tsaya ba.