Gonar da Aka Shuka da Sharar Rumbuna

Har yau ban manta da ranar da mata suka ajiye wani babban masaki a ƙofar ofishinmu a Mubi ba. Damina ce ta farko bayan mutane sun fara dawowa daga gudun hijira. Lokacin ina ƙaramin malamin gona, wato wanda ke bin manoma ƙauye-ƙauye yana ba su shawara, kuma Lamorde da Wuro Patuji ne yankina.

Mutane sun dawo sun tarar da rumbuna a ƙone ko a fashe. Abin da ya rage sai ƙwayoyin dawa da suka maƙale a tsagar ƙasa. Shi matan suka bi gida-gida suka share, suka zuba wuri ɗaya. Ja da fari da rawaya duk a cakuɗe, da toka, da warin hayaƙi. Hajja Falmata ce ta jagorance su, wata dattijuwa 'yar asalin Borno mai sayar da hatsi a kasuwa.

Ta ce, "Malam, ga sauran abin da iyayenmu suka bari. Ka duba ko da rai a ciki."

A ƙa'idar aikinmu ba a shuka iri sai an gwada shi. Ana ɗibar kaɗan a shimfiɗa cikin jiƙaƙƙen buhu, a ajiye a inuwa, a ga nawa zai tsiro. Da na buɗe buhun bayan 'yan kwanaki, yawanci sun ruɓe, amma nan da can ga fararen saiwoyi sun leƙo.

Na kai wa shugaban sashenmu. Ya ce, "Waɗannan ba za su nuna tare ba, kuma tsuntsu zai dame ka. Ga ingantaccen iri an kawo, mutane na jin yunwa." Gaskiya ya faɗa, kuma mun raba irin kamar yadda aka tsara. Amma na roƙe shi filin gwaji da ke bakin mayo, wato kogi. Sai ya ce, "Je ka shuka. Sai dai ba taki, ba mu da shi."

Matan suka kawo kashin shanu daga rugage, muka shuka, muka sa wake a tsakanin kunyoyi.

Da dawar ta fitar da kai, sai na ga abin da ban taɓa gani a littafi ba. Babu kara biyu masu tsayi ɗaya. Wata ta miƙe ta wuce hannun mutum, wata ta lanƙwasa wuya kamar mai jin kunya. Ga jigari ja wur, ga kaura, ga wata fara mai sakakken kai da iska ke kaɗawa. Da sassafe hazo kan taso daga mayo ya rufe karan, sai kawunan kawai kake gani suna yawo a sama. Nakan kashe babur in tsaya, in manta da inda za ni.

Labari ya bazu. Muka tsara cewa duk wanda ya gane irin gidansu ya ɗaura tsumma a wuyan zangarniyar, kada a yanke sai ta bushe. Mutane sukan shiga gonar a hankali, suna ɗaga kai, suna kiran sunayen dawa da Fulatanci da harsunan Gude da Kamwe, kamar masu neman 'yan'uwa a tasha.

A cikinsu akwai Baba Tizhe, wani tsohon manomi daga duwatsun Michika. Matarsa ta rasu a hanyar gudu. Kullum bayan ya fito daga coci ko kasuwa sai ya biyo, ya zaga, ya fita hannu wofi. Ya ce mini, "Ɗana, dawa na matana ne nake nema. Shi yana da baƙin riga, cikinsa fari. Kununsa yana ƙamshi kamar ruwan sama na farko."

Ranar da ya same ta ina wurin. A can ƙarshen gona take, kara ɗaya tak. Sai dai akwai shuɗin tsumma a wuyanta. Hajja Falmata ta riga shi.

Na aika aka kira ta, ko da yake ban san hukuncin da zan yanke ba. Ta zo ta ce irin kakarta ne, daga Borno aka zo da shi. Baba Tizhe ya ce surukarsa ce ta ba matarsa a kan dutse ranar aure. Kowa ya faɗi sunan da ya san ta da shi, sunayen ba su ko yi kama ba.

Hajja ta daɗe tana kallon zangarniyar. Can ta ce, "Baba, ita matarka, yaya take dama kunun?"

Ya fara bayani. Tun bai gama ba ta karɓe, ta ƙarasa masa, har da tsamiyar da ake sawa a ƙarshe. Ya zauna a kan kunya ya rufe fuska da hula. Ita kuma ta yage bakin mayafinta ta miƙa masa.

"Ɗaura naka kusa da nawa."

Da kaka muka sussuke zangarniyar a tafin hannu, su biyun suka raba, suka bar kaɗan a rumbun unguwa da muka gina, inda mai bukata ke ara da shuka ya mayar da girbi. Yanzu dawar nan tana gonaki da yawa, kuma har yau sunanta biyu.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, za a koya muku auna tsiro da yawan amfani, kuma ku koya da kyau. Amma idan manomi ya miƙo muku iri a ƙullin tsumma, ku tambaye shi wa ya ba shi kafin ku tambayi buhu nawa yake yi. Sau da yawa tunanin wani nasa da ya rasa ne ya ƙulle a ciki, wanda ba shi da sauran inda zai ajiye shi.