Bugun Ƙofar Baba

Baba ya yi shekarunsa na aiki a ɗakin waya na tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan. Irin tsohuwar wayar nan ce mai hannu a gefe, sai an murɗa ta kafin ta yi ƙara a wata tashar. Layi ɗaya ne ya haɗa tashoshi da yawa, saboda haka kowace tasha da irin ƙararta. Tamu biyu ce a jere, a ɗan dakata, sannan ɗaya. Baba ya ji wannan ƙara har ta zame masa jiki. In ya taso aiki da jaridar jiya a hammata, haka yake buga ƙofar gidanmu a kwatas ɗin reluwe: biyu, sannan ɗaya. Mama ba ta ko ɗaga kai daga littattafan 'yan ajinta da take dubawa. "Shigo," kawai take cewa. Kowa ya buga sai ta tambayi ko wane ne, har fasto, amma ban da Baba.

Lokacin nan Kafanchan tana Kafanchan. In jirgi ya tsaya, masu tallan gyaɗa da ayaba su cika tasha, mu kuma mu tsaya muna ƙirga taragu muna musu. Maƙwabciyarmu, matar wani direban jirgi ɗan Ibo, takan aiko mana da miyar agushi, Mama ta mayar da kwanon cike da faten acca. Ina kewar wannan zamani, ba na ɓoyewa.

Baba ya rasu, jirage suka yi ƙaranci, Mama ta koma ɗan gidan da suka gina a hanyar Kagoro, ni kuma aiki ya kai ni Jos. Ni ce auta, ni na saya mata wayar hannu. Idonta ya fara yana, don haka abu ɗaya ta koya: in ta yi ƙara, ta kai ta dab da hanci ta karanta sunan, ta danna koren maɓalli. Kira kuwa ba ta taɓa iyawa ba. Kowace Lahadi bayan sujada nake kiranta, ta ba ni labarin wanda ya yi aure, da farashin citta, da wadda ta ɓata waƙa a zumuntar mata. Mama ta yi ritaya daga koyarwa, amma ba ta daina ba mutane maki ba.

Wata Laraba da hantsi tana tsince acca a tsakar gida wayar ta yi ƙara. Ta duba, ta ga an rubuta Auta. Da ta ɗauka sai ta ji muryar wani namiji yana cewa 'yarta ta yi hatsari, a turo kuɗi maza kafin likita ya taɓa ta, ga kuma wata mace tana kuka a bayansa. Mama ba ta san yadda ake tura kuɗi ta waya ba, abin da ya cece ta ke nan. Ta ɗaura zani, ta hau acaɓa sai tashar mota don ta taho Jos, takalmanta ma daban-daban. Wata 'yar cocinsu mai sayar da doya ce ta tare ta, ta kira ni da tata wayar. Ni kuwa ina ofis ina cin masara, ko tuntuɓe ban yi ba.

Marasa kunyar nan ba su haƙura ba, suka yi ta sake kira, kullum sunana ne ke fitowa. Yayana ya kai wayar kasuwa wajen mai gyara, mutumin ya ce masu wannan aiki suna iya sa lambar wani ta fito a madadin tasu. Ya ce zai iya toshe lambar, amma in ya toshe, ni ya toshe. Sai Mama ta yanke nata hukuncin: ta daina ɗaukar lambata kwata-kwata.

Lahadi ta zo na kira, shiru. Wata Lahadin ta zo, shiru. Na aika saƙo ta bakin yayana, na aika ta bakin matar fasto, duk a banza. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ni ba mai haƙuri ba ce, kowa a gidanmu ya sani. Ɓarayin ba su ci ko kwabonta ba, amma sun raba ni da muryar uwata, ita kuma tana can zaune ita kaɗai tana tsoron sunan 'yarta.

Ranar wata Asabar na shiga mota. Tun daga Jos nake shirya faɗan da zan yi mata, har na haddace shi. Na sauka, na buga ƙofa, na ji ta ce, "Shigo."

Na same ta a kan tabarma, wayar tana cikin kwano an rufe da faifai. Na fara zuba mata abin da na haddace. Ta bar ni na gama, kamar yadda take barin ɗalibi ya gama ƙaryarsa.

"Auta," ta ce, "suna naki ne yana fitowa. Lamba naki. Idan na ɗauka, ko ke ne ko su ne, ta yaya zan sani? Wannan kuka da na ji, zuciya na ba zai iya ɗauka sau biyu ba."

Na zauna kusa da ita, na ga yadda ta rame, kunya ta kama ni. Can sai wani abu ya faɗo mini.

"Mama, ɗazu da na buga ƙofa, me ya sa ba ki tambayi ko wane ne ba?"

Ta dube ni kamar na faɗi jarrabawa. "Wanene kuma yana buga ƙofa irin na Baban ku, in ba jinin shi ba?"

Ni ban ma san haka na buga ba, hannuna ne ya tuna. Na ɗauko wayar daga cikin kwano, na ce mata daga yau zan yi filashin, wato in kira in katse, sau biyu a jere, in ɗan dakata, sannan in kira. Wanda bai yi haka ba, ko sunan wa ya fito, ta bar shi ya yi ta ƙara har ya gaji. Sai ta tashi ta ɗora mini fate.

Lahadin da ta biyo baya ina Jos. Na dawo coci, ko ɗankwali ban cire ba na zauna a bakin gado. Na kira na katse, na sake kira na katse. Na dakata daidai yadda Baba yake dakatawa, sannan na kira na uku. Ta yi ƙara sau ɗaya, sau biyu, sai na ji an ɗauka. Na ji numfashinta, da kukan kajinta a tsakar gida.

"Shigo," in ji Mama.