Amaro Outeiro da kifin da ya mayar kogi

Ranar Talata, huɗu ga Nuwamba, Allah ya yi wa Amaro Outeiro rasuwa a gidansa da ke bakin kogin Minho. Waɗanda suka kore shi daga aiki su ne suka aiko da furanni mafi tsada, kuma wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Amaro, mun tsufa tare a aikin tsaron kogin nan da ya raba mu da Fotugal. Na san yadda ka tsani masu sace angula, 'ya'yan kifin nan mai siffar maciji, suna cusa su cikin akwatunan tafiya zuwa Asiya. Manyanmu na ƙasashen biyu kuwa haɗin gwiwarsu ba ya wuce teburin cin kifin teku mai ƙafa takwas da ɗaukar hoto. Kai da Telmo, takwaranka na tsallake, ku ne kuke kiran juna a waya a kuma kama mutum.

Ranar da kuka tare motar wani ɓarawon angula a tsakiyar gada, kifayen da ke cikinta suna da rai. Nan take gardama ta tashi. Namu suka ce shaida ce ta kotunmu, nasu suka ce ta tasu ce, kowa ya hana a taɓa. Ruwan akwatunan yana ɗumi, kifayen suna ta juya ciki sama, manya suna ta waya da manya.

Telmo ya ce maka, “Tsoho, bar shi, fanshonka ya kusa.”

Ka ce, “Kai ka tsaya gadin gawa. Riƙe min ƙofar motar kawai.”

Ka sauka da su gaɓa ka juye a ruwa. Aka ce ka lalata shaida, ɓarawon ya fita daga kotu yana gyara kwalar riga, kai kuma aka tuɓe maka kaki. Jiya a coci ɗaya daga cikin waɗanda suka kore ka ya kira ka abin koyi, ko kunya bai ji ba.

Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Sabela, da 'yarka Iria, da Telmo wanda ya tsallako ya ɗauki akwatin gawarka. Sabela ta roƙa a bari a binne ka da kakinka. Manyanmu sun ce doka ba ta yarda ba.