Ranar da Kowa Ya Zama Taubashi

Akwai abin da ya faru a ƙofar gidanmu a Kara-Kara wanda har in koma ga Allah ba zai fita raina ba. Bazara ce, shekarar da aka ce Nasara zai sakar mana ƙasa. Zafi ya yi zafi, gajimare na taruwa a gabas yana watsewa, kowa na murna, amma murnar da ɗan tsoro a cikinta, don ba mu san me ke tafe ba.

A lokacin ɗana na fari shi ne sarkin samarin unguwa. Ba na faɗin sunansa, kun san kunyar ɗan fari, har yau ɗin ma ba zan rubuta shi ba. Ya ɗan zauna a lakwal, wato makarantar boko, yana da zuciyar aiki. Shi ya haɗa gayya don a yi wa tsofaffin da ba su da kowa yaɓen rufi kafin ruwa ya sauka. Samari su kwaɓa ƙasa, 'yan mata su ɗebo ruwa. Da farko wurin ya cika. Sannu a hankali mutane suka riƙa zamewa, ga kuma ɗakin wata tsohuwa makauniya, maƙwabciyarmu, ya tsage tun daga sama. Ruwan farko in ya yi ƙarfi, a kanta zai zube.

Ya tara su ya tambaye su abin da ke damunsu. Kowa ya sunkuyar da kai.

"Ba komai, Sarki. Lafiya lau."

Ya sake tarawa, amsar ba ta canza ba. Ya dawo gida ya zauna a tsakar gida, furar da aka ajiye masa har ta tsinke bai taɓa ba. Raina ya ɓaci, amma ni ba mai zama in yi hira da shi ba ce. Sai na dubi ƙanwarsa, na ɗan ɗaga murya yadda zai ji.

"Ki ce wa wancan, mai jin nauyinsa ba zai faɗa masa gaskiya ba. Ya nemi wadda ba ta jin nauyinsa."

Ya gane. 'Yar wana nake nufi, taubashiyarsa, wadda ke jagorancin 'yan matan ɗiban ruwa. Tsakanin taubasai ba a riƙo, duk abin da ɗaya ya faɗa wa ɗaya, dole ya haɗiye.

Kashegari bayan la'asar ya kira su ƙofar gida. Ni ina bayan darni ina tsince gyaɗa, ina leƙe. Na ga ya cire hula, ya bar tabarmar da aka shimfiɗa masa ya zauna a ƙasa.

"Yau babu Sarki," in ji shi. "Yau kowa taubashina ne. Ke taubashiya, baiwar gidanmu, fara."

"Wa ye bawan? Kai da aka saye ka da ƙwaryar dusa?" Aka kwashe da dariya. Ta nuna wuyansa. "To, tunda ka tambaya, mene ne wannan ƙarfen da ka rataya kamar akuya?"

Usur ne. Tun da aka fara aikin ya sallami makaɗin gayya, wai kiɗa na ɓata lokaci. Sai ya busa usur a jeru, ya busa a fara, ya busa a sha ruwa. Haka ya gani a lakwal, ya ɗauka shi ne tsari irin na sabon zamani.

Da ta buɗe ƙofa, sai magana ta ɓarke. Wani ya ce hannunsa ba ya motsi in ba ganga. Wata ta ce ko jaki ana ce masa sannu. Ana faɗa ana dariya, shi ma yana yi, ko da yake na ga abin yana sukarsa.

Can sai wani saurayi magini, mai shiru-shiru, ya yi gyaran murya. Shi bai yi dariya ba.

"Sarki, ni ba wasa na zo yi ba. Da irin wannan busa dogaran kumandan Nasara suka tafi da babana aikin tilas, ina ƙarami. Bai dawo ba. Ranar da innata ta ji ka busa a bayan gidanmu, tuwon da ke hannunta ya faɗi. Ta ce in na sake zuwa ba ta yafe ba."

Ni kaina gyaɗar ta zube mini daga cinya. Na san uwar yaron, na san shekarun nan, na kuma sha jin busar daga ɗakina gabana na faɗuwa, amma ban taɓa haɗa abin ba.

Ɗana bai kare kansa ba, wannan ne abin da nake gode wa Allah a kai. Sannan ya zare igiyar daga wuya.

"Ka ce wa Inna gobe zan zo in durƙusa mata. Ku kuma, wa zai raka ni wurin makaɗi in ba shi haƙuri?"

"Ni," in ji taubashiyar, "don in ga yadda bawa ke roƙo."

Abin da na koya ran nan shi ne, tambaya kaɗai ba ta isa a faɗa maka gaskiya. Sai ka sauko ƙasa, ka nuna wa mutane cewa in sun faɗa ba abin da zai same su, in kuma sun faɗa ɗin ka iya ɗauka.

Da safe na tarar da usur ɗin a bakin ƙofar ɗakina, ɗana ne ya ajiye shi. Na jefa shi can ƙasan tukunyar da nake ajiye tsummokara. Ina cikin haka na ji ganga ta tashi daga wajen gidan makauniya. Na ɗauki tuluna, duk da na girme wa wannan aiki, na bi bayan 'yan mata zuwa rijiya.