Bisimilla a Sama, Jan Birona a Ƙasa

Shekarun baya, ban daɗe da gama karatu ba, na samu aikin koyarwa a wata ƙaramar sakandare a Gwammaja, aka ba ni Turancin 'yan aji uku. A lokacin ni mutum ne mai rawar kai, ba na iya zama wuri ɗaya. Mahaifiyata takan ce ko wata taran ciki ban cika ba saboda gaggawa, kuma ban taɓa tsayawa na tambaye ta ko da gaske take ba.

Yaran sun tsani haddar kalmomi, ni ma na tsani koyar da ita. Sai na tuno wani abu da ya burge ni a jami'a, cewa kalmomin Turanci da yawa daga tatsuniyoyin Girkawan da can suka fito. Na kwaso su na shigo aji. Na ba su labarin Echo, wata aljana sarkin surutu da aka hukunta, ba ta iya cewa komai sai maimaita ƙarshen zancen wani, na ce a nan Bature ya samo sunan amsa-kuwwa. Na ba su na Atlas da aka ɗora wa sama a kafaɗa, wanda yau littafin taswira yake amsa sunansa. Na ba su na Pan mai ƙafar akuya, da in ya kurma ihu a daji makiyaya da dabbobinsu suke tarwatsewa, na ce shi ya haifi kalmar panic, wato firgita. Aji ya yi tsit, har 'yan kujerar baya da ba sa jin kira suka miƙo wuya. Kaina ya kumbura, ina kai da kawo a gaban allo kamar ni na haifi Girkawan.

Ranar Alhamis na yi musu gwajin minti goma. Tambaya ta uku da na rubuta a allo da Turanci ita ce: wane ne ubangijin daji? A layin gaba akwai wata yarinya 'yar unguwar Shahuci, ita ce ta ɗaya a ajin, ba ta da yawan magana. Ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, tambaya ta uku..." Ina kallon agogo na ce, "Abin da na koya miki shi za ki rubuta, lokaci na tafiya." Ta sunkuyar da kai ta rubuta. Washegari na raba musu littattafansu, ta ci goma bisa goma.

Ranar Litinin ba ta zo ba. Talata ma haka. Saura sati uku su fara jarrabawar fita daga aji uku. Laraba shugaban makaranta ya kira ni ya ce an aiko daga gidansu, wai ba za ta ƙara zuwa ba, kuma maganar ta shafi darasina. Ya ce a hannun kakanta take, wani alaramma ne, asalinsu Barno, da hannu yake rubuta Alƙur'ani.

Ban jira ƙarin bayani ba na yanke hukunci: tsoho ya ji sunan gumaka ya cire yarinya daga boko. Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni, don in ba ta zauna jarrabawar nan ba ni ne sila. Kwana uku na kasa zaune na kasa tsaye. Na buɗe ƙamus, na ɗauko hoton shafuka, na tara hujjoji, ina tafe a lungu ina muhawara da tsohon da ban taɓa gani ba, kuma kullum ni nake kayar da shi. Ranar Asabar zan fita mahaifiyata ta dubi tulin takardun da ke hannuna ta ce, "Gidan malamai za ka. In ka tuɓe takalminka a bakin zaure, ka ajiye bakinka kusa da shi." Na ce to, na fice, ban ajiye komai ba.

Na isa bayan la'asar, na tarar ana ɗaukar karatu. Magidanta ne wajen takwas, kowa da littafinsa, kowa sai layi ya zo kansa ya biya, malam ya fassara masa. Na gaisa, aka nuna min gefen tabarma. Na tanƙwashe ƙafa, na miƙe ta, na sake tanƙwashewa. Na duba agogo har wanda ke kusa da ni ya fara taya ni dubawa. Sai da na ƙarshe ya rufe littafinsa ya fita tsohon ya juyo gare ni.

Ai kuwa na ɓalle kamar famfo. "Allah gafarta Malam, wannan ilimin harshe ne, ba addini ba ne, babu wanda ya ce a bauta wa kowa." Na kawo ƙamus, na kawo jarrabawa, na kawo makomar yarinya. Bai katse ni ba. Da na tsaya shan iska ya ce, "Ka gama, Malam?" Na ce na gama.

Ya ce, "Mu ma a zauren nan muna karanta waƙoƙin Larabawan jahiliyya don sanin luga, wato zurfin harshen Larabci, da sunayen gumakansu a ciki. Ni ban hana ta zuwa ba. Sati guda ke nan ina lallashinta ta tafi."

Ya jawo littafinta daga ƙarƙashin buzunsa ya buɗe min shafin gwajin. A can sama ta rubuta Bisimilla da ƙananan baƙaƙen Larabci, kamar yadda ta saba kafin kowane aiki. A ƙasa ga tambayata ta kwafa, ga sunan Pan da hannunta, ga kuma jan birona ya ce daidai ne.

Ya ce, "Ta so ta yage, sunan Allah yana sama. Ta so ta ajiye, wancan yana ƙasa. Abinci ma sai an matsa mata. Na ce mata babu komai a kanta tunda ba ta ƙudurce a zuci ba. Ta ce, 'Baba, ai na san ba haka ba ne na rubuta, don kar na rasa maki.' A gidan nan, Malam, yaro yana tashi ya ga ba a sa tawada sai a kan gaskiya. In za mu kawo zancen wani, sai mun fara rubuta wanda ya faɗa, nauyin ya koma wuyansa. Kai kuwa a wuyanta ka bar mata."

Kunya ta rufe ni. A hankali na tura takardun hujjojina ƙarƙashin cinyata.

Ya ɗaga murya ya kira ta. Ta zo ta tsaya bayan ƙyauren da ke shiga cikin gida, gefen hijabinta kawai nake gani. Na ce, "Ni na yi kuskure, ba ke ba. Tambayar ce ban yi ta daidai ba, kuma kin so ki faɗa min na hana ki. Ki yafe min." Ta ce, "To rubutun fa, Malam?"

Na laluba aljihun gaba, na laluba na gefe. Na kwaso takardu kamar mai zuwa kotu, amma ban zo da biro ba. Tsohon ya tsoma alƙalaminsa na kara a tawada ya miƙo min. Rabona da riƙe irinsa tun ina makarantar allo. Na rubuta a saman tambayar: "Girkawan da can ne suka ce." Tawada ta ɗiga, baƙaƙen suka karkace. Ya karɓa ya duba ya ce, "Rubutun dai sai a hankali, amma ya sauke nauyin." Ya miƙa mata ta bayan ƙyaure. Na ji ƙarar takarda, sannan ta ce, "Malam, me aka yi a aji da ba na nan?"

Ranar Litinin ta dawo, ta zauna jarrabawarta, ta wuce.

Har yau ina koyar da labaran nan, don yara suna son su, kuma kalma ba ta ɓacewa in ta zo da labarinta. Sai dai kafin na buɗe baki nakan rubuta masu zancen a saman allo da manyan baƙaƙe. Gaggawar ba ta sake ni ba, na dai rage. Magana ta wuce tun a zauren nan, ita ma ta yafe. Amma duk sanda na tuna 'yar mutane ta yi kwana tara tana tsoron ta sayar da imaninta a kan maki ɗaya, kuma ni na ba ta makin, sai in ji zama ya gagare ni.