Kuben da Na Auna a Damtse

Ni ba baduku ba ne, Alhaji maƙwabcina kuma ba maƙeri ba ne. Shi tayoyi yake sayarwa, ni takardun fitar da kaya nake cikewa a tashar jiragen ruwa. Amma duk Lahadi bayan azahar mukan zauna a bayan gidansa a Zongo, ya hura gawayi ya ƙera wuƙa da tsohon sifirin na babbar mota, ni kuma in ɗinka mata kube. Matanmu sun ce hauka ne na manya, ba mu taɓa musu ba.

Kafin in yanka fata akwai tambayar da nake yi wa kowa: ina za ka riƙa sa ta? Mahauci a bango yake ratayewa, masuncin bakin tekun Baguida a ƙugu yake ɗaurawa, kowanne da irin ɗinkinsa. Tambayar aiki ce kawai, ban taɓa ɗaukarta wani abu ba.

Wata Lahadi ƙanin matata ya shigo. A lokacin shi da wansa ba sa ga maciji, a kan gidan da mahaifinsu ya bari a unguwar Amoutivé. Shi yana so a sayar, wan ya ce sai dai bayan ransa. Ƙanin ya zauna, ya ce wuƙar layya yake so, gajera, tsawon tafin hannu, kaifi biyu. Alhaji ya ɗago ya dube shi, don wuƙar layya doguwa ce kuma baki ɗaya take da shi. Ni kuwa sai na yi tambayata.

Ya naɗe hannun rigarsa na hagu, ya miƙo mini damtsensa.

"Nan, Yaya. Ta ciki. Kada riga ta nuna."

Abin da na yi har yau yana ba ni haushin kaina. Na ɗauko zare na auna. Hannuna ya riga hankalina. Ban tsaya nan ba, son burgewa ya sa na ce in na yi wa kuben shafi da fatar akuya mai laushi, wuƙar za ta fito sumul ko ƙara ba za a ji ba.

"Bon," ya ce da Faransanci, yana murmushi. "Haka nake so."

Sai da ya fita na ga zaren a hannuna da ƙulli biyu na awon, na gane abin da na yi.

Na yi ta jan ƙafa. Fata ba ta bushe ba, basilla ta karye, aiki ya yi yawa a tasha. Ƙanin bai taɓa yin faɗa ba. Yakan zo ya zauna kan benci ya harɗe ƙafa, yana kallon Alhaji yana wasa ƙarfe, har a kira la'asar. Zaman nan nasa ya fi zagi tayar mini da hankali. A Lahadi ta uku ya ce dangi za su zauna kan maganar gidan ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, yana son kayansa ranar Alhamis. Ya ƙara da cewa in mun kasa, akwai masu sayar da na kanti a babbar kasuwa.

Na so in faɗa wa matata, amma me zan ce? Ƙaninki ya ba ni awon hannunsa? Na je wurin wan na yi ta kewaye-kewaye, ya yi dariya ya ce yaron da ya goya ba zai tsorata shi ba.

Alhaji ne ya kawo dabara. Ƙarfe yana yin tauri ne in an tsoma shi cikin mai yana ja. In aka mayar da shi wuta aka bar shi ya huce a hankali cikin toka, taurin ya tafi. Haka muka yi ranar Laraba. Alhaji ya goge wuƙar ta yi sheƙi kamar ba a taɓa ta ba, na saka ta a kuben da ya fi duk wanda na taɓa ɗinkawa kyau. Mun san ƙarfe mai laushi ma yana huda mutum. Mun dai ce wa kanmu mun yi abin da za mu iya, kuma ƙarya muke yi.

Juma'a ta zo ta wuce. Ba a ji ihu ba, ba a kai kowa asibiti ba. Aka ce wan ya yarda a sayar, ya koma haya a unguwar Kégué, aka yi ta yaba zumunci.

Bayan wata biyu muka haɗu da ƙanin a wani suna. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

"Yaya, wuƙar nan taku ba ta da kyau. Ta lanƙwashe."

"A kan me?"

Ya sake ni ya shiga gaisawa da mutane.

Da aka tayar da sallah na tsaya bayan wan. Liman ya yi kabbara, kowa ya ɗaga hannu biyu. Hannun wan na hagu bai wuce ƙirji ba, kuma har yau bai wuce ba.